Mai Amsa wa Malama Tani Gaisuwa

"Fatu, sauke jarkar nan ki taho, ya koma yin ja!"

Daga rijiya nake, jarka a ka, 'yata Rahmatu tana goye tana barci. Na sauke ruwan a zauren Malama Tani, na shiga. Tana zaune a inuwar ɗakinta, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tsohuwar kwamfuta a gabanta bisa turmin da aka kifa.

"Tun hantsi muke dambe da shi," ta ce. "Na hwaɗa mashi abin da za shi yi, shi ko sai jan rubutu. Idona ya gaji. Ke mai sabon ido, duba min."

Ni ban san kodin ba, wato rubutun nan da ake jera wa kwamfuta umarni da shi. Sakandare na gama a Isa, Turancina na karatu ne a hankali. Amma ta riga ta koya mini abu ɗaya: duk bakan da aka buɗe a layi, wato 'yar alamar nan mai lanƙwasa, sai an rufe shi. Na durƙusa, na bi layukan da yatsa. A na goma sha ɗaya na samu wanda ta buɗe ta manta. Ta rufe shi, ta danna, jan rubutun ya ɓace.

Ta yi dariya har numfashinta ya sarƙe.

"Shekara ashirin da biyu ina jan kunnen ɗiyan mutane kan aya da waƙafi. Yau ga ƙarhe shina ja min nawa."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a Sabon Birni. Malamar firamare ce da ta ajiye aiki, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take zaune. Turaren wuta da humra take haɗawa, kayan haɗin ana kawo mata daga Maraɗi. A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, shekara ta biyu ke nan a jere. Gonaki suka bushe a tsaye. Maigidana Wada bai jira kaka ba, tun da ba abin da za a girbe, ya bi maza zuwa ci-rani. Unguwarmu ta koma ta mata da tsofaffi, kuma matar da ke auna tsaba da gwangwani ba ta sayen turare.

Sai Malama ta koma sayarwa ta waya. Ta buɗe shafi a intanet, matan Sakkwato da Kano suna aiko saƙo, ta ɗaure kaya a kwali a kai tashar Isa. Cinikin ya riƙe ta, amma jikinta ya soma ƙi. Zuciya ce, in ji likita. Yatsunta ma suka riƙa kumbura, amsa saƙo arba'in a yini ya zame mata dakan gero. Da ta ji ana iya rubuta abin da zai riƙa amsawa da kansa, ta sa aka sauko mata da darussa, ta zauna kamar 'yar aji ɗaya. Wata uku tana yi. Ni kuwa, da yake gidana ya yi mini faɗi, kusan kullum da la'asar ina wurinta.

Abin da ta fara ginawa mai sauƙi ne. In mutum ya rubuta "humra", a ba shi irin humrar da ke akwai. In ya rubuta "turare", haka. In ba a gane abin da yake so ba, a ce ya yi haƙuri za a neme shi. Haka mai darasin ya nuna, haka ta yi. Ranar da ya fara aiki ta sa na gwada da wayata. Na rubuta, "Ina wuni, Malama." Nan take ya amsa, "Me kike son saye?"

Ta ɓata rai.

"A'a. Wanga ba ɗan gidana ba ne. A gaishe ka, ka ce mi aka zo saye? Ko Bature ya fi haka kunya."

"Malama, ai ciniki ne."

"Ciniki bayan gaisuwa shi ke, ɗiyata. Matar da ta ce min ina wuni, sai an amsa mata, an tambayi gida, an tambayi yara. In ta gama, ita da kanta za ta kawo zancen humra."

Mako biyu ta ƙara a kan wannan. Ta jera amsoshi bakwai, duk irin waɗanda take yi da bakinta: lahiya lau, alhamdu lillahi, mun gode Allah, ya mutan gida, sai godiya, ya ƙoƙari, madalla. Ta koyi yadda zai riƙa zaɓar ɗaya, yau wannan gobe wancan, don kada ya zama aku. Ta sa shi ya ɗan jinkirta kafin ya amsa, wai mai gaggawar amsa gaisuwa kamar yana korar baƙo ne. Har "ya jiki" ta saka, tun da wasu masu sayen sun ji ba ta da lafiya, kuma ba ta son a riƙa tausaya mata. Da ta gama ta ce ta ɗora shi can bisa intanet, ta huta. Na gyaɗa kai kawai. Ban tambayi abin da hakan ke nufi ba.

Ɗa ɗaya gare ta, Jibrilla, yana aiki a ofishin gona a Isa. Shi ne na fari, shi ne auta, kuma Malama tana masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin Isa" take cewa, shi ma sai dole. In ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, ta aiko a ce mini in dafa abin da ta san yana so. A wayarta ko suna ba ta sa wa lambarsa ba. Tun bayan babbar salla bai zo ba, saboda hanya ta lalace da 'yan bindiga, mota ba ta bin ta sai da safe, a jere, in an ji labari mai daɗi.

Da sanyi ya shigo, kumburin ya hau har gwiwa. Ta daina iya kwanciya, sai a jingine da buhun lalle. Na mayar da girkina gidanta. Na hana Rahmatu hawa mata ƙafa, na ɗauke kwalaben magani zuwa saman taga inda hannun yarinya ba ya kai. Na kira mai allura na unguwa, ya duba ta, ya jawo ni zaure ya ce a gaya wa danginta.

"Malama, za ni kiran Jibrilla."

"Kira shi ki ce mi?"

"In ce jikin ya yi nauyi."

"Ki ɗora shi bisa hanyag ga? In wani abu ya same shi, ke za ki ba ni wani?" Ta ja numfashi. "Shina da aiki. Ban yarda ba, Fatu. Kin ji na ce ban yarda ba."

Ba ni da lambarsa, kuma ban saba tsallake maganarta ba. Amma na ga yadda take yi. Duk babur da ya rage gudu a ƙofar gida, sai ta daina jan carbi har ƙararsa ta wuce. Rannan ta sa na ciro mata wani ƙullin turare na musamman, ta ce a ajiye, "ko wani zai zo".

Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. A wurinmu, in kana gaida mahaifiyarka ka ji shiru kwana biyu, ba ka jiran a kira ka, takalmi kake nema. Na san yana gaishe ta ta saƙo, don ta taɓa faɗa mini a kaikaice. To in wayar ta mutu, zai ji shiru, ya zo da ƙafarsa. Ni ban kira shi ba, ban saɓa mata ba. Na ce mata ƙarar wayar tana hana ta hutawa, ta ce haka ne. Na kashe ta, na sa a kwanon sha, na rufe da faifai.

Kwana ɗaya, biyu, uku. Kullum da hantsi, lokacin da motocin Isa ke shigowa, sai in goya Rahmatu in tsaya a bakin zaure kamar mai shan iska. Layin namu fayau, sai awaki suna cin takarda. A kwana na huɗu na fara jin haushinsa. Na ce a raina wane irin ɗa ne wannan, uwarsa ta yi shiru kwana huɗu ko a jikinsa. Ita kuwa ta daina cin tuwo, sai kunu cokali uku.

A rana ta biyar Kande ta shigo, wata dillaliya daga Kurawa da ke karɓar humra tana zagayawa da ita gidajen biki. Da sallamarta da dariyarta ta shigo, tana kakkaɓe mayafi. Da ta ga Malama sai ta tsaya cik.

"Inna lillahi! Tani, ke ce haka? Yo ba ke kika ce min lahiya lau da sahen nan ba?"

"Da sahe?" na ce. "Wayarta na cikin kwano kwana biyar."

"Ke yarinya, ni za ki mai da mahaukaciya? Ga shi." Ta zaro wayarta daga lalita, ta miƙo mini. "Na ce ya jiki, ta ce lahiya lau, mun gode Allah, ya mutan gida. Har na ce wa maigidana Tani ta miƙe."

Na karanta. Daga cikin amsoshin nan bakwai ne. Abin ba a cikin wayar yake zaune ba. Can bisa intanet da ta ce ta ɗora shi, can yake, ko wayar na kunne ko tana kashe, yana ta amsa wa mutane gaisuwa cikin ladabi.

Na buɗe kwanon, na kunna wayar a bayan ɗaki. Saƙonni suka yi ta zubowa. Na nemo lambar da ba ta da suna. Kowace safiya, bayan asuba kaɗan: "Inna, ina kwana. Ya jiki?" Kowace safiya an amsa masa. Lahiya lau, alhamdu lillahi. Sai godiya. Kuma a ƙarshen kowace amsa tasa akwai ƙarin da ban gani a ta Kande ba, ban kuma san da shi ba: "Allah shi yi maka albarka." Na ja baya, na ja baya, wata biyu cur haka. A kwanakin nan biyar ya kira sau uku bai samu ba, ya rubuta, "Na kira ba ta shiga, hala sabis ne. Ya jiki?" Aka ce masa mun gode Allah.

Ban koma neman izini ba. Na danna lambar.

"Inna?" ya ce, da mamaki, don ba ta taɓa kiransa ba.

"Fatu ce, matar Wada, maƙwabciyarta. Malam Jibrilla, ka taho. Jikin Malama ya yi tsanani."

"Wane jiki? Da sahe ta ce min..."

"Ba ita ba ce. Abin nan ne da ta rubuta a kwamfuta, shi ka amsawa. Ta hi mako ba ta tashi."

La'asar ta riga ta yi. Ya ce zai nemi babur yanzu. Na ji wani a kusa da shi yana cewa ba mai babur ɗin da zai ɗauki hanyar Sabon Birni da yammacin nan, ko nawa za a ba shi. Ya ce to motar farko, da safe. Sannan ya ce, "Ba ni ita."

Na shiga, na durƙusa, na ce mata, "Mutumin Isa ne. Ni na kira, ki yi min faɗa daga baya." Ta dube ni. Na kara mata wayar a kunne. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna, ya jiki?"

Ta tattara numfashi, ta kau da fuska wajen bango kamar yana tsaye a bakin ƙofa.

"Lahiya lau," ta ce. "Da sauƙi."

"Gobe ina nan tahe."

"In hanya ba kyau, ka bari."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Da na ɗauke wayar, ta kama bakin zanena.

"Mai taurin kai," ta ce mini. Can kuma, "Akwai sauran wake? Shina son shi da manja."

Kande ta fasa komawa Kurawa, ta kwana tare da mu. Da gari ya waye na ɗora waken, na share tsakar gida, na yayyafa ruwan da na yi tsimi don ƙura ta kwanta. Malama ta sa muka canza mata kallabi. Ta ce a kunna turaren nan da aka ajiye. Ta jingina tana fuskantar zaure, carbi a hannu, ba ta ja. Rahmatu ta zauna kusa da ita tana wasa da murfin kwalba, wannan karon ban hana ta ba.

Motocin Isa suka makara. An tsayar da su a hanya ana jiran labari, daga baya muka ji. Rana ta hau katanga, inuwar ɗakin ta janye daga ƙafafunta. Wajen ƙarfe goma numfashinta ya canza. Kande ta matso tana karanta mata kalmar shahada, ta bi da leɓe sau biyu. Ina riƙe da hannunta. Ban san daidai lokacin ba, sai da Kande ta miƙa hannu ta shafe mata ido.

Sha ɗaya da 'yan mintoci ya yi sallama a zaure. Ya ga takalman mata a bakin ƙofa, ya ji ƙamshin turare, ya tsaya. Wani tsoho daga masallaci ya riƙe masa kafaɗa. Ya samu sallar gawa, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Waken kuwa masu zaman makoki aka zuba wa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a mutane sun watse, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da kwamfutar a gabansa, Kande tana daga ciki tana haɗa kwanuka. Dogo ne siriri, goshinsu ɗaya da ita. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da na yi da wayar, duka, ban rage ba. Na ce da na kira shi tun ranar farko da ya same ta.

"Kin yi don alheri," ya ce. "Ni ma wata biyu ina karanta abu ɗaya, ban ce bari in zo in gani da idona ba. Daɗi nike ji. Tun da nike, ba ta taɓa sa min albarka a baki ba, sai ga shi kullum." Ya juya kwamfutar wajena. "Har yau da sahe mutane na gaishe ta, shina amsawa. Kin san yadda a ka tsai da shi?"

Na ce za ni gwadawa. Na buɗe inda take rubutun. Ga amsoshin nan bakwai a jere, ga humra, ga turare. Can ƙasa na ga wasu layuka da ba ta taɓa ba ni in duba ba, ita kaɗai ta yi su, kuma ba kuskure ko ɗaya. Layin farko yana cewa in saƙo ya fito daga lamba kaza. Lambarsa ce. Na biyu shi ne albarkar. Na uku rubutunsa ya dushe, toka-toka, da 'yan sanduna biyu a gabansa.

Ya matso, ya karanta a hankali.

"Jibrilla, in ka samu sarari ka zo in gan ka."

Ya sake karantawa, wannan karon ba sauti.

"Wanga bai taɓa zo min ba."

"Sandunan nan biyu," na ce, "in an sa su gaban layi, kwamfuta tsallake shi take yi. Ana sa su in an rubuta abu ba a son shi tahi tukuna."

Na nemo wurin da ake tsayar da abin, na danna, kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Shi ke nan, ba ƙara, ba komai. Na miƙe, na gyara goyon Rahmatu, na ce masa akwai kunu in zai sha. Ya gyaɗa kai, idonsa na kan layin.

Daga bakin ƙofarmu ina hango shi ta zauren. Layin unguwa shiru, rana ta take. Yana zaune ya harɗe ƙafa, hannuwansa bisa gwiwa. In an jima hasken kwamfutar ya dushe, sai ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa ta, ta sake haske.